Kundin aikin ɗakin ajiya na ƙungiyar tarihi, Maris zuwa Yuni

Ƙaramin kwamitin da ƙungiyar tarihi ta ɗora wa gyaran ɗakin ajiya da shirya baje kolin hotunan tsohuwar tashar jiragen ruwa ne ke rubuta wannan kundi. Ana cika shi ranar da aka yi aiki. Kuɗi kuwa muna lissafa shi da kaso daga kasafin da aka ba mu.

4 ga Maris

Ƙidaya kawai muka yi, ba mu gyara komai ba. Kwalayen takardu da hotuna 41, manyan littattafan rajistar shige da ficen jirage 9, negetif na gilashi 312, negetif na fim cunkushe a gwangwanaye 4, sai kaset 58. Ginin bai fi mita 80 daga bakin ruwa ba. Bangon da ke fuskantar teku ya jiƙe daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa, fenti ya kumbura, wata farar hoda tana zubowa daga jikinsa. Gishiri ne. Warin fumfuna kuma tun daga ƙofa yake tarbar mutum.

Babban kwamiti yana son a fara ɗaukar hotuna a sikana gobe-goben nan, saboda an tsayar da baje koli ƙarshen Yuni. Mun ce a dakata. Hoton da aka zaro daga kwali mai fumfuna zai ɓata sikanar, sannan ya koma cikin danshin da ya lalata shi tun farko. Ɗakin za a fara aunawa.

7 ga Maris

Gwajin ma'aunan danshi guda uku. Ana zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga masa ruwa har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, kada ya narke. A sa shi tare da ma'aunin cikin roba mai rufuwa ruf, a bar su kwana guda. Danshin iskar da ke ciki zai tsaya a kashi 75 cikin 100, duk ma'aunin da ya nuna wani abu daban shi ne mai ƙarya. Sababbin biyun sun nuna 74 da 75. Tsohon da ya shekara da shekaru rataye a bango ya nuna 68. Ke nan duk alƙaluman da aka riƙa rubutawa a baya sai an ƙara musu 7. Mun liƙa masa takarda mai ɗauke da gyaran, ba mu jefar da shi ba.

14 ga Maris

Mako guda ana karanta ma'auni safe da yamma. Mafi ƙanƙanta 71, mafi girma 83, kuma kusa da bangon teku ya fi tsakiyar ɗaki da kusan 6.

Lambobi biyu ne abin lura. Idan danshi ya daɗe sama da 65, fumfuna ta samu wurin zama. Idan ya kai 75, ƙurar gishirin da iskar teku ke shigowa da ita ta kwanta a kan kanta da kwali takan ja ruwa daga iska ta narke, wato abin da muka gani a murfin kwalba shi ne ke faruwa a kan kowane ƙarfe da ke ɗakin. Shi ya sa filin sitefila da kilif suka ci takardu suka bar tabon tsatsa, wasu har sun huda shafi uku.

An janye kantoci santimita 15 daga bango, an ɗaga kantar ƙasa santimita 15 daga daɓe, an toshe tagar teku da roba da katako. An sayi na'urar tsotse danshi. Ita da ma'aunan biyu sun ci kashi 24 na kasafi. Muna neman 50 zuwa 55, amma a hankali, kamar maki 5 a mako. Fatar littafi da fatar hoton gilashi, wato siririn sinadarin da aka shafa wa gilashin mai ɗauke da hoton, suna tsukewa idan suka bushe farat ɗaya, su tsage.

17 ga Maris

Cire fil, kilif da robar ɗauri daga kwalaye 8. Ma'auni 70.

21 ga Maris

Ranar fumfuna. Kwalaye 6 ne suka kamu, duka daga kantar ƙasa ta jikin bangon teku. An fitar da su zuwa rumfa mai iska, kowa da takunkumi mai tace ƙura da safar hannu ta roba.

Kafin a taɓa, sai an gane ko fumfunar tana da rai. Mai rai tana da laushi da danshi, in an shafa ta takan damalmale. Wadda ta bushe kamar hoda take, tana tashi da buroshi. An yi kuskure a kwali na biyu: an goge mai rai da ƙyalle, ta shige cikin takardar ta bar koren tabo a shafuka 11 na wasiƙu. Wannan tabo ba zai fita ba. Ƙa'ida daga yau ita ce a shimfiɗa takarda a kan takardar shan ruwa, fanka na kaɗawa daga gefe ba kai tsaye ba, har sai hodar ta bushe. Sannan a share ta da buroshi mai laushi zuwa bakin injin zuƙar ƙura mai matatar HEPA da ke kama ƙura mafi ƙanƙanta, an ɗaure bakinsa da raga don kada ya haɗiye guntun takarda. Kantocin da kansu an goge su da sifirit mai ƙarfin kashi 70. Sifirit ba ya zuwa kusa da hoto ko tawada.

A kwalaye 4 mun ga aikin asu, wannan mai launin azurfa da ke kankare fuskar takarda yana bin inda aka sa gam. Maganin feshi ba ya cikin tsarinmu, yana barin mai a takarda. An zuba takardun a leda mai kauri, an matse iska, an ɗaure, an sa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili. Kwana 14 za su yi. Gilashin hoto ba ya shiga firiza.

28 ga Maris

Gwangwanayen fim. Wannan ne aikin da ya fi haɗari a ɗakin, kuma shi ne wanda babu wanda ya san da shi.

Fim iri uku ne. Naitiret, wanda aka yi ta sayarwa daga 1889 zuwa farkon shekarun 1950, yana kamawa da wuta cikin sauƙi, kuma ruwa ba ya kashe shi domin yana samar wa kansa iskar da wuta ke ci. In ya fara lalacewa yakan yi ruwan zuma, ya yi danƙo, ya yi kumfa, a ƙarshe ya zama hoda. Asitet ba ya wannan wutar, amma yana tsukewa ya yi tsamin wari irin na binega, danshi kuma yana hanzarta shi. Foliyesta shi ne mai lafiya. Ana fara duba gefen fim, wasu an buga musu NITRATE, wasu SAFETY. Sai dai ba a dogara da rubutun kaɗai, domin in an kwafi wani fim daga wani, rubutun na farko yakan bi shi. Wani ya kawo shawarar a yanki guntu a ƙyasta masa ashana. Ba za a yi ba.

Gwangwani ɗaya naitiret ne, negetif 46, bakwai sun fara danƙo. An fitar da shi daga ginin gaba ɗaya zuwa wuri mai sanyi da iska, nesa da kayan wuta, kowane negetif a ambulan ɗin takarda, murfi a sake. Rufe shi ruf yana tara iskar da ke ƙara cinye shi. Shi za a fara ɗauka a kyamara, sannan a tuntuɓi gidan adana fim da ke da ɗakin irinsa. Sauran ukun an sa musu takardun gwaji na A-D, waɗanda Image Permanence Institute da ke Rochester a Amurka ke yi. Shuɗiya ce takardar, tana komawa koriya sannan rawaya gwargwadon tsamin da fim ke fitarwa. Bayan kwana guda biyu sun yi kore, ɗaya yana nan shuɗi.

2 ga Afrilu

Koma baya. Bokitin na'urar tsotse danshi ya cika daren Juma'a, ta kashe kanta, babu wanda ya shiga sai bayan kwana uku. Daga 61 ma'auni ya koma 79. Hawa da sauka irin wannan ya fi tsayawa a wuri ɗaya illa. An ɗora na'urar a kan benci, an jona mata tiyo zuwa magudana, an kuma yi jadawalin masu leƙawa kullum.

5 ga Afrilu

An fito da ledojin firiza jiya, an bar su a ɗaure awa 24 kafin a buɗe, don raɓar ta kwanta a bayan leda ba a kan takarda ba. Babu asu mai motsi.

Sai ga aikin da ba ya cikin tsari. Wasu masunta sun jawo tsohuwar anka, ƙarfen da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi, a ragarsu, sun kawo wa ƙungiya. Tsawonta mita 1 da santimita 40, sandar gicciyen kanta babu, jikinta duk ɓawon yashi da katantanwar ruwa da tsatsa. Ta kwana biyu a rana kafin labari ya iso mana, har ta fara zubar da ɗigo-ɗigon ruwa mai launin lemo.

Ɗigon nan alama ce marar kyau. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 19 na kulorayid, sinadarin da ke cikin gishiri, kuma ƙarfen da ya daɗe a ciki ya sha shi har can ciki. Muddin yana jiƙe babu iska, yana zaune lafiya. Da zarar ya bushe, sai wata irin tsatsa mai suna akaganayit ta tsiro a ƙarƙashin fatarsa, ta kumbura, ta riƙa ɓanɓare shi falle-falle. Fenti ko baƙin mai a kai ba ya hana komai, rufe cutar kawai yake yi. Mun naɗe ta da jiƙaƙƙun barguna da tamfol nan take, mun kuma sanar da hukumar da ke kula da kayan tarihi, domin abin da aka tsinta a teku ba lalle ya zama na wanda ya tsinta ba. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta shafi abin da ya kai shekara 100 a ƙarƙashin ruwa, kuma zaɓinta na farko shi ne a bar abu a inda yake. Za mu rubuta wa masunta 'yar takarda: a rubuta wurin da aka samu, a bar abin a jiƙe, a kira mu.

9 ga Afrilu

An ɗauki hoton ankar ta kowane gefe, sannan aka ɓare ɓawon da ƙaramar guduma ana yayyafa ruwa. Inda ƙarfen ya fito yana da zare-zare kamar itace, alamar bugaggen ƙarfe ne na maƙera ba zubi ba. Hakan ya yi mana daɗi. Ƙarfen zubi in ya daɗe a teku fatarsa takan yi laushi, guduma ɗaya ta tafi da ita.

Tankin na katako ne, santimita 170 da 100, zurfi 40, an shimfiɗa masa leda mai kauri ninki biyu. Ruwa lita 500, sodar haɗa sabulu kilo 10, wato giram 20 a kowace lita, kashi 2 cikin 100. Sodar ake barbaɗawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, domin tana ɗaukar zafi ta fantsamo. Tabarau mai rufe ido, doguwar safar roba, bokitin ruwa mai tsabta a kusa. Sanholo da kwano mai zin ba sa zuwa wurin, soda tana cin su. Aikin sodar shi ne ta hana ƙarfen tsatsa yayin da kulorayid ke fitowa. Ruwan famfon da kansa ya nuna kulorayid miligiram 70 a lita, za mu riƙa cire wannan daga lissafi. An yi murfi da kwaɗo saboda yara. Kashi 9 na kasafi ya tafi, wanda ba a ware ba.

16 ga Afrilu

Kulorayid a ruwan tankin miligiram 620 a lita. Gwajin farko ya ba da shirme saboda an tsoma takardar gwaji cikin ruwan soda kai tsaye. Sai an motsa tankin, a ɗebi kaɗan, a kashe kaifin sodar da ɗigon asid na naitirik mai ruwa-ruwa, sannan a gwada. Danshin ɗaki 58.

19 ga Afrilu

Gilasan hoto. Guda 9 kolodiyan ne, dabarar da Frederick Scott Archer ya fito da ita a Ingila a 1851. Ana gane su da kaurin gilashi, yankan hannu, launi mai kama da madara, da kusurwa ɗaya da babu sinadari inda mai hoton ya riƙe da yatsa. Sauran 303 na jelatin ne, wanda Richard Leach Maddox ya bayyana a 1871. Gilashinsu siriri ne, yankan inji, shafin ya kwanta daidai. Yawancinsu santimita 8.3 da 10.8 ne, kaɗan 12 da 16.5.

An same su a kwance, ashirin-ashirin a kan juna, na ƙasa 14 sun fashe. Yanzu kowanne yana shiga ambulan mai kunne huɗu da ake buɗewa kamar fure, don kada a zura shi a kankare fatarsa. Ana tsayar da shi a kan dogon gefensa, masu girma ɗaya a kwali ɗaya. Ana rubuta lamba da fensir a kan ambulan kafin gilashi ya shiga. Fasassu da waɗanda fatarsu ke ɓarewa su ne kaɗai ke kwanciya, tsakanin kwali biyu. Gefen gilashi ana iya share shi da ƙyalle mai laushi, gefen fatar hoto iska kawai ake hura masa da 'yar roba.

Ambulan da kwali marasa asid sun ci kashi 31, alhali 20 muka ware. Mun nemi waɗanda suka ci gwajin PAT, domin takarda tana iya zama marar asid amma ta dusashe azurfar hoto. Hotuna shuɗaye guda 5 da muka samu an ware musu takardar da ba a sa wa alli ba, alli yana kashe shuɗin.

26 ga Afrilu

Ɗaukar gilasai da kyamara a kan allon haske na LED, an kewaye kowanne da baƙin kwali don kada haske ya zubo ta gefe. Ƙaramin gilashi yana ba da kusan ɗigo 5,100 da 3,900, fayil ɗin TIFF mai kimanin megabayit 40. An gama naitiret 46 da gilashi 64.

30 ga Afrilu

Duk 64 ɗin a juye suke. Muna ɗauka ne fatar hoto na kallon kyamara, saboda haka ya fi fitowa tar, amma hakan yana mayar da dama hagu. An gyara baƙi da fari a kwamfuta, an manta da juyawa. Sunan wani jirgi da ya fito a baibai ne ya tona asiri. Wanda ya fi ban tsoro shi ne hoton da babu rubutu a cikinsa: hasumiyar fitila ta koma ɗaya gefen bakin tasha, kuma babu abin da zai nuna wa baƙo. Yanzu ana ajiye 'yar takardar lamba a gefen kowane gilashi. In lambar ta fito a baibai, hoton ya zauna daidai. Fayil na asali ba a taɓa shi, kwafi ake juyawa.

Kulorayid 1,480.

3 ga Mayu

Ranar da jama'a ke kawo hotunan gida a ɗauka a mayar musu. Mutum 37 suka zo, hoto 214, teburi biyu. Ɗigo 600 a inci, gaba da baya, domin sau da yawa bayan hoto ya fi gabansa amfani. Kowane hoto yana cin kusan minti 6 idan an haɗa da cika takarda, layi ya yi tsawo har wasu suka tafi. Nan gaba goma ga kowane mutum, sauran a ba shi wata rana. Kundin hotuna mai shafi mai danƙo ba a ɓanɓaro komai daga ciki, shafin ake ɗauka yadda yake.

Takardar izini tana tambaya uku: ajiya, baje koli, intanet, kowanne da nasa akwatin. Mun kuma rubuta wanda ya ɗauki hoton in an sani, domin mallakar takardar hoto daban, haƙƙin ɗaukarsa daban.

Teburan biyu duk sun fara lamba daga 1. Da aka haɗa fayilolin da yamma, 19 suka hau kan 19. Sai an sake kiran gidaje biyar. Daga yau kowane teburi da harafinsa a gaban lamba, kuma ba a haɗa komai sai an yi kwafi.

10 ga Mayu

Zaman sanya suna. An buga hotuna 40 a babbar takarda, kowane kai an sa masa lamba, aka gayyato tsofaffin masunta, masu gyaran raga da matan da suka yi aikin kifi a tasha, mutum 16.

Zagayen farko bai yi kyau ba. Kowa yana teburi ɗaya, mai babbar murya ya faɗi suna, sauran su gyaɗa kai. Mu ma mun ƙara ɓata abin da tambaya irin ta «ba wane ba ne wannan?», wadda amsarta kullum e ce. Bayan hutu aka raba su biyu-biyu, tambayar ta koma «Baba, wa kake gani a nan?» ko «Inna, me ake yi a wurin nan?». Sai ga mutum guda da sunaye uku, ɗaya ashe laƙabi ne, biyun kuma wa da ƙane ne masu kama. Ba ma zaɓar suna ɗaya mu watsar da saura. Ana rubuta duka, da wanda ya faɗa, da ranar. Suna yana zama tabbatacce in mutum biyu da ba su zauna tare ba suka faɗe shi, ko ya dace da rajistar jirage. Daga kai 173, an tabbatar da 58, ana zaton 44.

Abin da ba mu tsara ba shi ne sunayen wurare. Kowane dutse da kowace kwana a bakin ruwan tana da sunan da masunta ke kira, babu ko ɗaya a taswira. An rubuta 22. Mafi ƙanƙantar waɗanda suka san su ya haura 70, don haka mun tura wannan aiki gaba da ɗaukar sauran gilasai. Gilasan suna cikin ambulan yanzu, za su jira.

14 ga Mayu

Kulorayid 1,750. Ruwa ya ragu, bakin hannu ɗaya na ankar ya leƙo waje ya yi jan tsatsa. An cika, an zana layi a jikin tanki. Murfin ma sai an gyara, soda tana shan iska ta rage kaifi. pH, ma'aunin kaifin sodar, yana sama da 12.

17 ga Mayu

Zagayen bakin ruwa da 'yan makaranta 30 ya tashi a tutar babu. An sa ranar ne bisa jadawalin makaranta, ba a duba jadawalin cika da janyewar teku ba. Turakun tsohuwar matsayar jirage ba sa fitowa sai a babbar janyewa, wadda ke zuwa wajen tsayuwar wata da cikarsa, kusan kowane mako biyu. Mun faɗa a tsakani, ruwa bai sauka ba. Lokacin janyewa kuma yana jinkirta kusan minti 50 kowace rana, saboda haka awar da ta yi daidai wannan mako ba za ta yi ba a na gaba. An ɗaga da mako guda. A fara awa ɗaya kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewa, babba ɗaya ga yara 6, mutum ɗaya aikinsa agogo kawai.

21 ga Mayu

Kulorayid 1,790. Ya daina hawa, lokacin canza ruwa ya yi. In an cire na famfo, kusan giram 860 ke nan ya fito daga jikinta.

24 ga Mayu

Zagayen yara ya yiwu, turaku 17 suka fito, an auna tazararsu. Da yamma aka canza ruwan tanki. An juye tsohon a durom na roba, ba a zubar a kwata ko a teku ba, sai an kashe kaifinsa an kuma ji daga hukumar tsabta. Ankar tana lulluɓe da jiƙaƙƙen bargo duk tsawon canjin.

31 ga Mayu

Kaset. Hirarraki ne da wasu mambobi suka yi da tsofaffi shekaru da dama da suka wuce. Kafin kaset ya shiga rikoda ana ɓalle 'yan kunnuwan da ke samansa don kada a goge shi bisa kuskure, a duba fumfuna ta tagar tsakiya, a duba ɗan soson da ke danne zare a jikin kan rikoda. Guda 7 soson ya faɗi, an sauya musu gida. Kaset mai minti 120, wato C120, zarensa siriri ne, ɗaya ya naɗe a rikoda, an tsinke santimita kaɗan kafin a ceto shi.

Ana juyewa zuwa fayil ɗin sauti na WAV, kilohaz 96, bit 24, kamar yadda ƙungiyar IASA ta masu adana sauti ke ba da shawara. Awa ɗaya tana cin kusan gigabayit 2. Kaset 5 na farko sun fito da wani gurnani a ƙasan murya, ashe cajar kwamfuta ce. Da aka zare ta aka bar batir, ya ɗauke. An sake su. Ajiya kwafi uku ce, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini da ba ya bakin ruwa. Faifan ajiya sun ci kashi 12.

7 ga Yuni

Sababbin hirarraki 4 kan sunayen wurare. Ta farko an yi ta a bakin ruwa don mai magana ya riƙa nunawa, iska da igiyar ruwa suka cinye rabin maganar. Sauran a ɗaki mai labule, makirfo taƙi ɗaya daga baki, taswira a gaba, mai tambaya yana faɗin lambar wurin da babbar murya duk lokacin da aka ce «nan». Kulorayid a sabon ruwa 410. Ɗaki 54.

14 ga Yuni

Auna hasken zauren baje koli. Takarda da hoto ba sa son hasken da ya wuce luks 50 a ma'aunin haske, kusa da taga mun samu 900. Kwafi za a rataya, na asali ba ya fita. Littafin rajista ɗaya ne kawai zai shiga akwatin gilashi a lungu mai duhu, ana juya shafi kowane mako. Tawadarsa irin ta da ce mai ƙarfe a ciki, ta yi ruwan ƙasa, a wasu layuka ta ƙone takardar har ta huda. Ba a jiƙa ta, ba a sa salatif, ana tallafe shafi da kwali in za a juya. Buga hotuna 40 ya ci kashi 18. Rubutun ƙarƙashin kowane hoto zai bambanta suna tabbatacce da wanda ake zato, kuma za a ajiye kati da fensir don masu gyara mana.

An nemi a fito da ankar ko na kwana uku ne. A'a. Hotonta da zanen hawan kulorayid za a liƙa.

21 ga Yuni

Kulorayid 560, yana hawa a hankali. Da wannan tafiya sai an canza ruwa sau da yawa, na ƙarshe-ƙarshe da tataccen ruwa, domin ba za a iya sauka ƙasa da 70 da ruwan famfo ba. Shekara guda ita ce mafi ƙanƙantar abin da muke sa rai, kafin a zo maganar ɗauraye soda, busarwa da shafa kakin kariya.

An kashe kashi 94, saura 6, wanda zai tafi a soda da takardun gwaji. Gilashi 188 an ɗauka, saura 124. Kaset 31 an juye, saura 27. Kwalaye 12 ba a buɗe ba. Gidaje biyu daga cikin biyar ba su dawo da hotunansu ba tukuna. Bangon teku yana nan yana zubar da gishiri, gyaransa ya fi ƙarfin wannan kasafi, an rubuta wa babban kwamiti. Rataye hotuna ranar 26, hira ta gaba ranar 28 da safe. Ɗaki 53.